MUN SHARE, ASHE BAI SHARU BA

Mu malaman makaranta mun saba da sharar allo. Da an kaɗa ƙararrawar tashi, sai monita ya ɗauki tsumma ya bi allon, lissafin safe ya tafi, a sami wurin rubuta aikin gobe. Amma duk wanda ya daɗe yana koyarwa ya san wani abu guda. In ka koma bencin baya ka dubi allon ta gefe, sa'ad da hasken taga ya faɗa masa, sau da yawa kana iya karanta abin da aka share. Mun fi shekara 20 muna ganin wannan, ba mu taɓa ɗaukar darasinsa ba sai ranar da muka kai kwamfutarmu Gusau za mu sayar. Muna so mu ba masu karatu labarin, ko da yake akwai abin kunya a gare mu a ciki, gama mun sani gidajen masu bi da yawa suna da irin na'urar nan, wata rana kuwa za ta bar hannunsu.

YADDA TA ZO HANNUNMU

Muna zaune a Kucheri ne, cikin ƙasar Tsafe, a bakin titin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau. 'Yar makarantar ikkilisiyarmu ba ta da ofis, ba ta da akawu. Malami shi ne akawu, jakarsa kuwa ita ce ofis. A shekarar 2017 muka tara abin da muka tara muka sayi kwamfutar cinya ta hannu, irin waɗanda akan kwaso daga Turai bayan masu su sun gama da su.

Daren da muka kawo ta gida, yara suka kewaye mu a kan tabarma. Muna cikin taɓe-taɓe sai muka faɗa wani wuri cike da hotunan waɗansu Turawa. Ga wata tsohuwa kwance a gadon asibiti, ga wani yaro ana bikin ranar haihuwarsa, ga kare an sa masa riga saboda sanyi. Akwai wasiƙu kuma cikin wani harshe da ba mu iya karantawa ba. Muka zauna muna kallo kamar majigi, yara suna ta ƙyalƙyala dariya saboda karen nan. Uwargida ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, shin mutanen nan sun san muna zaune a Kucheri muna kallon tsohuwarsu a gadon ciwo?" Muka ce, "Wa ya san su? Wa kuma ya san mu?" Maganar ta wuce a nan.

Kafin shekara ta kewayo, kwamfutar nan ta zama rumbun ikkilisiya duka. Rajistar 'yan makaranta tana ciki, kowane yaro da sunan mahaifinsa, da ƙauyen da yake fitowa, da lambar wayar gidansu. Lissafin baiko da zakka yana ciki. Haka kuma lissafin godiyar kaka, wane ya kawo buhu kaza na masara, wane ya kawo na waken suya, wane ya sayar da sa ya kawo kuɗi. Sa'ad da dattawan ikkilisiya suka zauna kan maganar wani gida da ya kusa rushewa, mu muka rubuta abin da aka faɗa, da horon da aka yanke. Zumuntar mata suka ba mu lissafin adashinsu. Gwauraye suka kawo takardunsu na NIN da lambobin BVN domin mu cika musu takardun neman taimako, muka ɗauki hotonsu muka ajiye. Akwai kuma wata 'yar gajeriyar takarda da fasto ya ba mu, mai ɗauke da sunayen waɗansu mutane da sukan zo wurinsa da dare kamar Nikodimu, da tambayoyin da ba su riga sun faɗa wa danginsu ba. Ya ce mu riƙa tunawa da su cikin addu'a. Mu kuwa don kada takardar ta ɓace, sai muka buga ta muka ajiye.

Ko ɗaya daga cikin mutanen nan bai tambaye mu inda muka sa maganarsa ba. Sun amince da mu, shi ke nan.

RANAR CINIKI

Da damina ta kama a 2024, bukatu suka taru mana. Ga kuɗin jarrabawar babban ɗanmu, ga taki ya yi tsada, ga kwamfutar ta tsufa, batirinta ba ya riƙe wuta. Muka yi shawara da uwargida a sayar. Daren da za mu tafi, 'yarmu ta kwashe mana abin da muke bukata ta zuba cikin filash. Sa'an nan muka zaɓi takardun duka muka share, muka shiga kwandon shara na kwamfutar muka zubar da abin da ke ciki. Muka duba, wuri ya yi fayau. Muka yi addu'ar dare muka kwanta da zuciya ɗaya.

A Gusau aka nuna mana shagon wani saurayi mai gyara da saye, a cikin 'yan waya. Musulmi ne, ba zai girmi babban ɗanmu da yawa ba. Bayan gaisuwa ya juya kwamfutar, ya kunna, ya yi tayi, muka ce albarka. Muna cikin haka sai ya ce, "Malam, ka dai goge abin da ke ciki ko?" Muka ce, "Tas, ɗana. Da hannunmu muka yi jiya da dare." Ya yi murmushi, ya ce, "Ka yarda in nuna maka wani abu?" Muka yarda.

Ya ciro wani filash nasa ya sa, ya danna waɗansu wurare. Ba a yi rubu'in sa'a ba sai ga sunayen takardunmu suna gangarowa a gilashin kamar jerin tururuwa. Ya buɗe guda ɗaya domin mu tabbata. Lissafin godiyar kaka ne, ga sunayen magidanta, ga buhunansu, ga ƙauyukansu. Shagon kuwa cike yake da mutane. Nan da nan yaron ya juya fuskar kwamfutar ta dubi bango, ya sassauta murya ya ce, "Malam, takardar nan in ta faɗa hannun infoma, ai ta gama masa aikinsa. Sauran ba zan buɗe ba, ba nawa ba ne."

Mai karatu, gumi ya karyo mana. Ba lissafin buhunan kaɗai muke tunawa ba. Muna tunawa da gidan nan da dattawa suka sulhunta, wanda yanzu yake zaune lafiya, yaransu ba su ma san an taɓa yin rigima ba. Muna tunawa da 'yar takardar fasto.

ABIN DA YA SA ABIN YA YI NAUYI A WURINMU

Wanda yake zaune inda ake barci da ido biyu rufe zai ce, mene ne abin tsoro a cikin lissafin buhu? Mu mutanen Zamfara mun san amsa. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna ɗauke mutane a gona da kan hanya da cikin gida, suna neman kuɗin fansa. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantarsu a Jangebe. Kowa ya sani kuma ɓarayin daji ba duba suke yi ba. Wani ne yake gaya musu wanda ya sayar da amfanin gona, da wanda ɗansa yake aiko da kuɗi daga birni, da hanyar da yara suke bi zuwa makaranta. A watan Satumba na wannan shekara ta 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a jihar duka, aka kuma rufe kasuwannin mako, musamman don a raba ɓarayi da masu kai musu labari. Mu da muke bakin titi mun ga mutane suna hawa mota zuwa Funtuwa ba don kome ba sai don su buga waya. In har hukuma za ta rufe bakin jiha guda saboda labari, ashe labari ba ƙaramin kaya ba ne. Ga mu kuwa mun ɗauko labarin ikkilisiya guda, a tsare, a jere, za mu ba da shi gyara a kan cinikin tsohuwar kwamfuta.

Ba ɓarayin daji kaɗai ba. Lambar NIN da ta BVN, kowace mai alƙaluma 11, in suka haɗu da sunan mutum da ranar haihuwarsa da lambar wayarsa, sun isa ɗan damfara ya buga wa gwauruwa waya ya ce daga banki yake, ta kuwa gaskata domin ya faɗi abin da take tsammani banki kaɗai ya sani. Asirin gida kuma, Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. In ta fita ba ta komawa.

ME YA SA BAI SHARU BA?

Saurayin nan ya bayyana mana, mu kuwa za mu faɗa da misalin aikinmu. Ɗauki babban littafin makaranta mai shafi da yawa. A farkonsa akwai jerin abin da ke ciki, cewa sakamakon aji uku yana shafi kaza, lissafin kuɗi yana shafi kaza. Kwamfuta haka take ajiya. A cikinta akwai faifan ajiya, faifan kuwa yana da nasa jerin. Sa'ad da ka ce mata ta share takarda, ba shafin take gogewa ba. Sunan takardar kawai take sokewa daga jerin, ta rubuta cewa wurin nan ba mai shi, ana iya yin sabon rubutu a kai. Muddin sabon rubutu bai hau wurin ba, tsohon yana nan daram. Zubar da kwandon shara ma haka ne. Har fomatin irin na gaggawa, wanda yakan ƙare cikin ɗan lokaci kaɗan, sabon jeri kawai yake yi, shafuffukan suna nan. Manhajojin da suke bin faifai shafi shafi suna tono abin da aka share kuwa ba su da wuyar samu, waɗansu ma kyauta ne a intanet. An yi su domin taimakon wanda ya share abu bisa kuskure, amma wuƙar da ta yanka nama ita ce takan yanka yatsa.

Ba mu kaɗai ne muka yi wannan kuskure ba, har waɗanda suka ƙera na'urar suna yinsa. A shekarar 2003 waɗansu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka ba da rahoton wani gwaji da suka yi. Sun sayi tsofaffin fayafayan kwamfuta 158 daga masu sayar da kayan hannu. Guda 129 suna aiki, amma 12 kaɗai aka goge yadda ya kamata. A cikin sauran suka sami lambobin katin banki fiye da 5,000, da takardun asibiti, da wasiƙun mutane. A 2006 gidan BBC ya nuna yadda ake samun bayanan bankin mutanen Ingila a Legas, daga cikin tsofaffin kwamfutocin da suka zubar, a kan kuɗin da bai kai fam 20 ba. A 2009 kuma waɗansu ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi faifai a Gana a kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilar wani babban kamfanin kayan yaƙi na Amurka a ciki. Da muka ji waɗannan sai muka tuna da tsohuwar nan ta gadon asibiti, da tambayar uwargida wadda muka amsa da dariya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa aka ce. Mu mun ga nasu yana ci, muka zauna muna kallo shekara bakwai.

"ME SUKA GANI A GIDANKA?"

Akwai wani labari cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 20, wanda muka sha koya wa 'yan makarantar Lahadi. Sarki Hezekiya ya warke daga ciwo, sai jakadu suka zo daga Babila da gaisuwa da kyauta. Don murna ya zaga da su ko'ina, ya nuna musu azurfa da zinariya da ɗakin makamai, bai rage kome ba. Da suka tafi, annabi Ishaya ya zo ya tambaye shi abin da baƙin suka gani a gidansa. Sa'an nan ya faɗa masa cewa rana tana zuwa da za a kwashe dukan abin nan zuwa Babila, har da waɗansu daga cikin zuriyarsa. Hezekiya ba mugun sarki ba ne, bai kuwa yi nufin cuta ba. Amma dukiyar da ya buɗe wa baƙi ba tasa ba ce shi kaɗai, ta kakanninsa ce da ta jama'arsa, waɗanda suka zo bayansa kuma su ne suka biya.

Nan ne laifinmu yake. Mun ɗauka tun da kuɗinmu muka sa muka sayi kwamfutar, abin da ke cikinta ma namu ne. Ba haka ba ne. Ƙarfen namu ne, muna da iko mu sayar. Abin da ke ciki amana ce. Karin Magana 11:13 ta bambanta mutum biyu, mai yawo da magana yana tone asiri, da amintacce wanda yake rufe al'amari. Kullum mukan ɗauka ayar nan tana magana ne a kan masu tsegumi a bakin rijiya. Ba mu taɓa tunani mutum yana iya kame bakinsa sarai, ya kuwa tone asirin jama'a da sakacinsa ba. Iyayenmu sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To, yanzu mun yi wa kanmu ciki na biyu, na ƙarfe, shi kuwa ba shi da kunya, ba ya zaɓen wanda zai faɗa wa.

Hukuma ma ta ga wannan. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya. Dokar ta ɗora wa duk mai tattara bayanan waɗansu nauyin tsare su, ta kuma lissafta addinin mutum da lafiyar jikinsa cikin abubuwan da suke bukatar tsaro na musamman. Makarantu da ikkilisiyoyi suna riƙe da irin waɗannan kowace rana. Amma mai bi bai kamata ya jira doka ta tilasta shi ya riƙe amana ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ga abin da muka koya a shagon nan da kuma bayansa. Muna roƙo iyaye su karanta shi tare da 'ya'yansu, gama sau da yawa yaran ne suka fi sanin wurin dannawa, iyayen kuwa su ne suka san nauyin abin da ke ciki.

Da fari, a kwashe abin da ake bukata a zuba cikin filash ko wani faifai, a buɗe shi a wata kwamfuta a tabbata ya kwafu. Gogewa ta gaskiya ba ta da kome. Filash ɗin kuma a ba shi wurin ajiya mai makulli, gama yanzu shi ne yake ɗauke da amanar.

Na biyu, a fita daga dukan wuraren da aka shiga da kalmar sirri, wato Gmail, da Facebook, da na banki, a kuma cire WhatsApp in an haɗa shi da kwamfutar. Kwamfuta takan riƙe kalmomin sirri don ta hutar da mai ita, wanda ya saye ta kuwa zai gāji wannan hutu.

Na uku, a goge faifan duka, ba takardu ɗaya ɗaya ba. Windows 10 da Windows 11 suna da wurin da ake mai da kwamfuta kamar sabuwa. In an shiga za ta ba da zaɓi, ko a bar takardu ko a cire kome. A zaɓi cire kome. Bayan wannan akwai wani zaɓi kuma da mutane da yawa sukan tsallake don gaggawa, wato na tsabtace faifan. Shi ne yake bin wurin tsohon rubutu yana rufe shi. Yana iya cin sa'o'i, saboda haka a tanadi wuta, ko janareta ko sola, kada aikin ya tsaya a tsakiya. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025, don haka tsofaffin kwamfutoci da yawa suna sauya hannu, wannan mataki kuwa shi ne ya fi muhimmanci.

Na huɗu, a san irin faifan. Tsohon iri yana juyawa, in ka kara kunne za ka ji motsinsa. Irin wannan ana bin kansa duka da sabon rubutu marar ma'ana, akwai manhaja ta kyauta mai suna DBAN da aka daɗe ana wannan aiki da ita, bi ɗaya cikakke kuwa ya isa. Sabon iri, wanda ake kira SSD, ba ya juyawa, yadda yake ajiya kuma dabam ne, rubutu a kansa ba lalle ya taɓa kowane lungu ba. Shi sai a yi amfani da umarnin gogewa da masu ƙera shi suka tanada. Wanda bai gane ba ya tambayi mai gyara amintacce.

Na biyar, kada a bar kwamfutar a shago a ce za a dawo gobe. A zauna a yi aikin a kan idon mai ita. In an gama, a roƙi mai gyaran ya sa manhajar tono ya gwada, a gani da ido cewa ba abin da ya fito.

Na shida, in kwamfutar ta mutu ba ta kunnuwa, kada a ce ai ta mutu da asirinta. Faifan yana iya zama lafiya lau, a cire shi a sa a wata. Kafin a ba 'yan gwangwan, a kwance faifan, a naɗe shi cikin tsumma domin na waɗansu gilashi ne a ciki, a huda shi da ƙusa a wurare da dama ko a farfasa shi da guduma. Kada a sa shi a wuta, hayaƙinsa dafi ne. Kada kuma a taɓa batirin da guduma, yana iya kamawa da wuta.

Na bakwai, waya ma haka take. A cire layi da memori, a fita daga asusun da ke kanta, sa'an nan a mai da ita yadda ta fito daga kamfani. Wanda kuma ya je shagon buga takardu aka ɗauki hoton takardarsa, ya roƙa a share a gabansa har cikin kwandon shara. Wannan ba gogewa ce cikakkiya ba, amma ta fi a bar ta a fili ga duk wanda ya zauna bayansa.

ABIN DA YA CI MANA

Saurayin nan ya ce aikin zai kai yamma. Masu bin titin Gusau zuwa Funtuwa sun san abin da wannan yake nufi, gama ba mai son la'asar ta yi masa a kan hanyar nan. Zuciya ta ce mana, karɓi kuɗinka ka tafi, yaron kirki ne, zai goge. Watakila kuwa da ya goge. Amma ba shi aka ba amanar ba. Muka buga wa uwargida waya muka ce sai gobe, muka zauna a kan benci har aikin ya ƙare, ya sake sa manhajarsa, ba abin da ya fito. Muka nemi biyansa ladan aikin, ya ƙi, ya ce, "Haba Malam, ni ma ina da iyaye a ƙauye." Muka kwana a gidan wani ɗan'uwa. Ranar ce kuma hotunan Turawan nan suka tafi, gama duk shekarun nan ba mu taɓa share su ba.

Ran Lahadi bayan sujada muka tsaya gaban fasto da dattawa muka faɗi abin da ya faru, muka roƙi gafara. Ba abu mai sauƙi ba ne malami ya ce bai sani ba, amma rashin sani ya fi dare duhu. Dattawa suka yanke shawara uku. Maganar horo da sulhun gidaje a littafi za a riƙa rubuta ta da hannu, littafin ya zauna wurin fasto. Takardun gwauraye, da an gama cika abin da ake cikawa a mayar musu, kada a ajiye hotonsu. Sunayen masu zuwa da dare kuwa kada a sake rubuta su ko'ina, wanda ake yi wa addu'ar ya san su. Uwargida ba ta ce mana "na faɗa maka" ba, ko da yake tana da iko.

SHARAR MUTUM DA TA UBANGIJI

Akwai abu ɗaya da ya rage mana a zuciya tun daga ranar. Muna kallon takardun da muka rantse mun share suna dawowa ɗaya ɗaya, sai muka ga hoton gafararmu. Sau nawa mukan ce wa matanmu, ko mazanmu, ko ɗan'uwa cikin ikkilisiya, "Ya wuce, na yafe," alhali sunan laifin kawai muka soke daga jeri? Shafin yana nan. Ranar da wata rigima ta tashi, sai mu tono shi duka, da ranarsa da watansa da kalmomin da aka faɗa.

Ubangiji ba haka yake yi ba. Cikin Ishaya 43:25 ya yi alkawari shi da kansa zai shafe laifofin jama'arsa, ba kuwa zai riƙa tunawa da su ba. Manzo Bulus kuma, cikin Kolosiyawa 2:14, ya kwatanta zunubanmu da takardar bashi wadda take tsaye gāba da mu, ya ce an shafe ta, an kafe ta a kan gicciye. Ba soke suna aka yi ba, an biya, an rufe wurin da jinin Almasihu. Mai ƙara ba shi da abin da zai tono. Wanda aka yi wa irin wannan shara, ya kamata ya koyi yi wa ɗan'uwansa, ya kamata kuma ya zama mai rufa asirin waɗanda suka amince da shi.

'Yan'uwa, kafin na'urar gidanku ta bar hannunku, ko sayarwa ce, ko kyauta ga ƙane, ko kai gyara, ku zauna ku tambayi kanku tambayar da annabi ya yi wa sarki. Me baƙo zai gani a ciki, na wane ne kuma? Luka 16:10 ta koya mana cewa aminci cikin ƙaramin abu shi ne ma'aunin aminci cikin babba. Kwana ɗaya a Gusau shi ne abin da ya ci mana. Da mun yi gaggawa, ba mu ne za mu biya ba, waɗansu ne da ba su san an yi cinikin ba.

Ubangiji ya tsare ƙauyukanmu da hanyoyinmu, ya sa wa saurayin nan albarka cikin sana'arsa, ya kuma same mu amintattu cikin abin da aka danƙa mana. Amin.